Maraɗi: yaya Kirista zai yi wa maƙwabcinsa Musulmi zancen addininsa ba a ɓata ba?

A daren Asabar 15 ga watan Yuni na 2019, wasu matasa sun cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu da ke unguwar Zariya a birnin Maraɗi wuta, suka haɗa har da motar faston. Abin da ya fusata su bai fito daga bakin wani Kirista ba. An kama wani limamin unguwar ne, Sheikh Rayadoune, bayan da ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada, yana cewa ta saɓa wa Musulunci. Washegari da aka sake shi, malamin ya roƙi magoya bayansa da su daina ƙone-ƙone, ya kuma bayyana cewa masu fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne suka ɓatar da shi. Ranar Litinin 17 ga wata majalisar dokoki a Yamai ta amince da dokar. Majami'ar kuwa ta riga ta ƙone.

Wannan ba shi ne karon farko ba. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, wanda ake yi a can Yamai, ta ƙare da kai hari kan majami'ar Vie Abondante da gidan mishan na SIM a nan Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Paris ya jawo ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, inda ƴan sanda suka ƙirga 45 a babban birnin kaɗai, mutum 10 suka rasu a ƙasar, kuma Maraɗi ma ba ta tsira ba. A duka ukun, abin da ya kunna wutar daga nesa ya zo, amma maƙwabci ne ya ɗauki asarar.

Shi ya sa tambayar da ke kan wannan bayani ba ta malaman tauhidi kaɗai ba ce. Kirista ya yi imani cewa wajibi ne a kansa ya ba da shaidar bangaskiyarsa, kamar yadda Musulmi ya yi imani da wajibcin da'awa. Ba wanda zai bar nasa don ya faranta wa ɗan'uwansa. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a yi maganar, a gari irin Maraɗi, inda kalma ɗaya da aka ji a karkace take iya zama gobara.

Baƙi ne, ko ƴan gida?

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, Kiristoci ba su kai kashi 1 ba. Mutane da yawa a birni na ɗaukar cewa Kirista sai ɗan Benin ko Togo, ko ɗan kudancin Najeriya mai shagon kayan mota. Akwai su kam. Amma jihar Maraɗi tana cikin wuraren da Kiristoci ƴan ƙasa, Hausawa gaba da baya, suka fi tsufa. Mishan ɗin SIM ya shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ya kafa tasha a Tibirin Gobir a 1927, kusa da fadar Sarkin Gobir, kafin ya zauna cikin birnin Maraɗi a 1940. Daga wannan aiki ne ikilisiyar EERN ta fito a farkon samun ƴancin kai. Ɗariƙar Katolika kuma ta mai da Maraɗi cibiyar bishop a 2001, da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, yankinsa ya haɗa har da Tawa, Damagaram, Agadas da Difa.

Ma'ana, akwai gidajen da kaka Kirista ce, jika Kirista ne, ƙanen kaka kuma alhaji ne. Suna haɗuwa a suna, a biki, a gaisuwar mutuwa. A irin waɗannan gidaje zancen addini ba ya farawa da wa'azi. Yana farawa da tambaya, galibi daga wajen Musulmin: "Wai ku ma kuna azumi?" ko "Me ya sa ba ku yin alwala?" ko kuma mai nauyin, "Da gaske kuna cewa Allah yana da ɗa?" Tsofaffin Kiristocin yankin sun daɗe da gane cewa amsar da aka bayar bayan an tambaya tana da daraja fiye da jawabin da ba wanda ya nema. Littafinsu ma, a wasiƙar Bitrus ta fari, sura ta 3, ya ɗora zancen ne a kan amsa wa mai tambaya, kuma ya gindaya sharaɗin tawali'u da girmamawa.

Kalma ɗaya, kunne biyu

Matsalar da Sheikh Rayadoune ya ce ya faɗa cikinta, wato fassara, ita ce kuma babbar matsalar zancen addini tsakanin maƙwabta. Bambancin kawai shi ne a nan duka biyun Hausa suke ji, shi ya sa ba sa zargin akwai abin da ya ɓace a tsakani.

Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa, kuma da sunan Allah ya kira Mahalicci. Kirista Bahaushe yana cewa addu'a, zunubi, aljanna, annabi, mala'ika, tuba, albarka, duka kalmomin da suka shigo Hausa ta hanyar Larabci da Musulunci. Wannan gado yana sauƙaƙa hira, amma yana ɓoye rami. In Kirista ya ce "ceto", yana nufin kuɓuta daga zunubi ta wurin mutuwar Yesu. Musulmi kuwa abin da ke zuwa masa a rai shi ne ceton da Annabi Muhammadu (SAW) zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama. In Kirista ya ce "Linjila", yana nufin littattafai huɗu da Matiyu, Markus, Luka da Yahaya suka rubuta. Musulmi yana nufin littafin da aka saukar wa Annabi Isa (AS), wanda malamai da yawa ke koyar da cewa an jirkita shi. Sai mutum biyu su yi awa guda suna gardama, alhali ba abu ɗaya suke magana a kai ba.

Kalmar da ta fi kowace zafi ita ce "Ɗan Allah". A kunnen Musulmin da ya tashi da Suratul Ikhlas a bakinsa tun yana makarantar allo, ɗa yana nufin aure da haihuwa, kuma jingina wannan ga Allah shirka ce tsantsa. Kiristan da ya san addininsa shi ma zai ce wannan ma'anar saɓo ce, ba haka ikilisiya take koyarwa ba. Tana nufin wata dangantaka ta har abada wadda ba ta jiki ba. Bayanin ba zai sa Musulmi ya yarda ba, kuma bai kamata a yi tsammanin haka ba. Amfaninsa shi ne maƙwabcin ya ƙi abin da Kirista ya gaskata da gaske, maimakon ya ƙi abin da shi kansa Kiristan bai taɓa faɗa ba.

Akwai masu wa'azin da ke ganin dabara ita ce a lulluɓe bambancin: a yi ta cewa ai duk ɗaya ne, ai Isa ɗinku shi ne Yesu ɗinmu, har sai mutum ya saki jiki. Gaskiya ne Alƙur'ani ya girmama Isa ɗan Maryam, ya kira shi Almasihu, sura ta 19 sukutum sunan mahaifiyarsa take ɗauke da shi. Wuri ne mai kyau na fara hira. Amma Alƙur'anin nan, a Suratun Nisa'i, ya ce ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, alhali gicciye shi ne ƙashin bayan Kiristanci. Wanda ya ɓoye wannan don ya ja mutum, ranar da aka gano, ba addininsa kaɗai za a zarga ba, har amanarsa ta maƙwabtaka. A Maraɗi, garin fatake, an fi yafe wa wanda ya faɗi tsadar kayansa a fili a kan wanda ya ɓoye aibinsu.

Sai tambayar da ko wane Kirista a Nijar ya san wata rana za a yi masa: "To kai me kake cewa game da Annabinmu?" Ba sabuwa ba ce. Wajen shekara ta 781, Halifa al-Mahdi na Abbasiyawa ya yi wa shugaban Kiristocin gabas, Timotawus na ɗaya, irinta a Bagadaza, a wata tattaunawa ta kwana biyu da tarihi ya adana. Timotawus ya yaba wa Annabi kan raba mutanensa da bautar gumaka da kiransu zuwa ga Allah ɗaya, bai bar addininsa ba, kuma ya fita daga fadar lafiya lau. A zauren wani gida a unguwar Bagalam ko Mokoyo amsar ba ta bukatar ta fi haka tsawo. Mutum na iya cewa, "Malam, da na yarda da shi yadda ka yarda, ai da ni Musulmi ne. Amma na san matsayinsa a zuciyarka, kuma ba za ka taɓa jin mummunar kalma a kansa daga bakina ba." Ba ƙarya a ciki, ba kuma zagi.

Zaure da lasifika

Malamar tarihi Barbara Cooper, Ba'amurkiya da ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta buɗe littafinta na 2006 kan Kiristocin bishara a Sahel da tarzomar shekarar 2000. Cikin abin da ta nuna akwai bambancin salo tsakanin tsofaffin ikilisiyoyin da suka fito daga SIM, waɗanda suka saba da taka tsantsan, da sababbin majami'un Fentikos da suka zo da wa'azi a fili da kuma ta rediyo cikin Hausa. Wannan ya zo daidai da lokacin da aka buɗe fagen siyasa da na kafofin watsa labarai bayan babban taron ƙasa na 1991, gidajen rediyo masu zaman kansu suka bayyana, ƙungiyoyin addini na kowane ɓangare suka samu makirufo. Izala ma a wannan zamanin ta ƙara ƙarfi a birnin.

Faɗin haka ba wanke masu ƙone-ƙone ba ne. Babu wa'azin da ya halatta a cinna wa ɗakin ibada wuta, kuma malaman Musulunci da dama sun faɗi haka a bainar jama'a a 2015 da 2019. Amma akwai abin lura game da ita kanta na'urar. A zaure, mai magana yana ganin fuskar mai sauraro. In ya ga ta sauya, sai ya ja baya, ya gyara, ko a sha shayi a canza zance. Lasifika ba ta ganin fuska. Tana shiga ɗakin mai jego da na mara lafiya da na wanda ke kan sallaya, ba sallama. Yau kuma WhatsApp da TikTok sun fi ta: a yanko daƙiƙa 30 daga wa'azin awa guda, a tura, kafin la'asar ya kai Madarunfa da Gidan Rumji. Faston da ya ambaci Musulunci a kan mumbarinsa ranar Lahadi, ya ƙaddara da dukan gari yake magana, ba da mutanensa kaɗai ba. Limami ma haka ranar Juma'a.

Sauran ƙa'idojin ba sai an je makarantar tauhidi ba, ladabin Hausa ne da kowa ya sani. Namiji ba ya kutsa kai cikin gida ya yi wa matar aure zancen addini, maigida yake nema a ƙofa. Ba a tara yaran mutane da alewa a koya musu waƙar coci iyayensu ba su sani ba. Ba a tsare mutum da hira an kira salla. Littafi mai tsarki, ko na wane ne, ba a ajiye shi a ƙasa. Takardun wa'azi masu ɗauke da ayoyin Alƙur'ani kuwa haɗari ne a raba su a kasuwa, domin in iska ta kwashe su zuwa kwata, ba wanda zai tsaya tambayar niyyar mai rabawa.

Darasin itatuwan 1984

Inda zargi ya fi yawa shi ne wajen taimako. A ƙauyen Danja, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa a kan hanyar Ɗan Isa, SIM ta buɗe asibitin kutare tun shekarun 1950, kuma a 2012 aka ƙara cibiyar kula da mata masu yoyon fitsari. A Tibiri da Ɗan Bako, ƙungiyar sistocin da marigayiya Marie-Catherine Kingbo, ƴar Senegal, ta kafa a 2006 ta yi makaranta da wurin kula da yara masu tamowa, ta kuma riƙa zama da limamai da masu gari kan auren wuri. Mafi yawan masu cin moriyar waɗannan wurare Musulmi ne, kuma Musulmi suke komawa gida. Duk da haka, ba a rasa mai cewa magani da hatsi tarko ne.

Akwai wani labari na nan Maraɗi da ke amsa wannan fiye da dogon bayani. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zo aikin gona ƙarƙashin SIM, ya gano a 1983 cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara itatuwa ne masu rai, in an bar musu ƴan rassa za su tashi. Mutane suka yi masa dariya. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, aka kare kimanin 500,000. Da abincin ya ƙare, manoma suka sare wajen kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu, sun bar su ne don sun ga amfanin da idonsu: itacen girki, abincin dabbobi, gona da iska ba ta kwashe ƙasarta. Daga wajensu ne sassabin zamani ya bazu, manomi yana koya wa manomi, har ya kai miliyoyin kadada a Nijar. Abin da aka karɓa saboda buhun hatsi ya tafi tare da buhun. In haka ta faru da itace, ina ga imani?

Manyan ikilisiyoyin duniya sun kai ga wannan matsaya a rubuce. Ranar 28 ga Yuni na 2011, Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, da ofishin Vatikan mai kula da tattaunawa tsakanin addinai, da Ƙawancen Masu Bishara na Duniya, suka fitar da takarda ɗaya kan yadda Kirista zai ba da shaida a cikin mabiya wasu addinai. Ba kasafai waɗannan ukun ke sa hannu a abu ɗaya ba. Takardar ta hana amfani da talauci ko rashin lafiyar mutum don jan ra'ayinsa, ta hana kwaɗaitarwa da kuɗi ko kyauta, ta hana tilas da yi wa addinin wani ƙage. Ta kuma ce sauya addini mataki ne babba da ke bukatar lokaci da ƴancin zaɓi. Ga ma'aikacin asibiti ko na rabon abinci a jihar Maraɗi, gwajin mai sauƙi ne: wanda ya ce ba ya son a yi masa addu'a, shin yana samun maganin nan da murmushin nan daidai da wanda ya ce yana so?

In an ce a'a, in kuma an ce e

Galibin hirarrakin nan da "a'a" suke ƙarewa, ko da "Allah ya sa mu dace", wanda shi ma a'a ne cikin ladabi. A nan ake gane ko zumuncin na gaske ne. Kiristan da ya daina gaida maƙwabcinsa bayan ya ga ba zai samu shiga ba, ya tabbatar da zargin cewa tun farko farauta ya fito. Kuma wanda yake son a saurare shi, sai ya yarda shi ma a yi masa da'awa. Alhajin da ke ce wa abokinsa Kirista "ina yi maka sha'awar Musulunci" ba raina shi yake yi ba, abin da ya fi daraja a wurinsa yake miƙa masa.

Wanda ya ce "e" kuwa, nasa ya fi nauyi. Dokokin Nijar ba su hukunta mai sauya addini ba, kundin tsarin mulkin 2010 ma, kafin a dakatar da shi a 2023, ya raba addini da gwamnati ya kuma amince da ƴancin ibada. Amma a cikin dangi lissafin daban ne: aure na iya mutuwa, gado na iya salwanta, saurayi na iya rasa ɗakin kwana da jarin da kawunsa ya ba shi. Mai wa'azin da ya gaggauta yi wa matashi baftisma, ya ɗauki hoto ya aika wa masu ba shi tallafi a waje, ya bar yaron da abin da shi ba zai ɗanɗana ba. Fastocin da suka san ƙasar sukan jinkirta, su tabbatar mutum baligi ne, ya san abin da ke gabansa, su kuma hore shi da ya ci gaba da yi wa iyayensa biyayya.

Nauyin ba a kan tsiraru kaɗai yake ba. Musulmin Maraɗi suna da nasu tarihin da za su duba: hijirar sahabbai zuwa Habasha inda sarki Kirista, Najjashi, ya ba su mafaka, da tawagar Kiristocin Najran da aka karɓa a Madina aka yi muhawara da su suka koma da addininsu. Suratul Ankabut ta yi umarni da a yi jayayya da ma'abota littafi ta hanya mafi kyau. Kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai da ake kira CDIR suna haɗa limamai da fastoci da fada-fada a jihohi, kuma amfaninsu na farko shi ne kowa ya samu lambar wayar ɗan'uwansa kafin ranar da jita-jita za ta tashi.

A unguwanni kuwa, akwai tsarin da ba kwamitin da ya rubuta shi. Ranar sallar layya, tsoka tana ƙetara katanga zuwa gidan Kirista. Ranar Kirsimeti, wadda a nan aka fi sani da Nowel, Kiristoci da yawa sukan kira Musulmi ya yanka musu rago ko kaji, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Yaran da ke kai kwanon su ne kan dawo da tambayar, wai Inna ta ce a tambayo, bikin me kuke yi yau?